Kulob Ɗin Da Ya Ɓace A Gangare

A daminar 2022 wani kulob ya ɓace a wani shagon gem da ke Gangare, a tsakiyar garin Jos. Ba faifai aka sace ba, ba kuma hannu aka ɗauke ba. PlayStation 4 biyu ne a shagon, kowace da talabijin ɗinta da bencinta. FIFA 22 ake bugawa a kan duk biyun, kuma rana ɗaya mai shagon ya sayo faya-fayan a hannun mutum ɗaya. A ta bakin ƙofa, in ka shiga jerin ƙungiyoyi, ga CSKA ta Mosko nan a gurbinta. A ta ƙurya kuwa, ko sama ko ƙasa.

Wanda bai san Jos ba zai ce ina ruwan yaran Gangare da kulob ɗin Rasha. Ruwansu Ahmed Musa. A garin nan aka haife shi a 1992, a filayen garin nan ya fara taka leda, kafin Kano Pillars, kafin ƙasar Holan. A Janairun 2012 ya koma CSKA, ya ɗauki kofin gasar Rasha da ita sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Ya wuce Leicester, ya sake dawo mata a matsayin aro a farkon 2018, watanni kaɗan kafin ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a Volgograd. A 2022 yana Turkiyya, ya daɗe da barin CSKA, amma yara ba su bar ta ba. Akwai masu ɗaukar ta don kara kawai, alhali sun san mai riƙe da Real Madrid ko PSG zai yi musu ruwan ƙwallaye. Ga kuma Chidera Ejuke, ɗan Najeriya, a cikinta a kakar wasan.

Ɗan yayata ne ya kawo mini ƙara, ransa a ɓace.

"Kawu, wallahi mai shagon nan ya cuce mu. Faifan bogi ya sa mana a ta ƙurya, kuma kuɗi ɗaya yake karɓa."

Na san mai shagon, kuma na san ba halinsa ba ne. Mutum ne mai kaffa-kaffa da sana'arsa. A jikin bango ya manna kwali da dokoki uku: ba zagi, ba caca, ba siyasa. Ta ukun ba don ado ya rubuta ta ba. Duk wanda ya ga Satumbar 2001 a Jos, ya ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, ya san abin da gardamar bakin titi take iya haifarwa, ya kuma san darajar ɗaki ɗaya da samari za su zauna su yi ihu a kan ƙwallo, su tashi ba wanda ya riƙe wani a zuci. Shi ya sa zargin ya yi masa zafi. Ya ce a gwada a gaban kowa.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Aka fitar da faifan ta ƙurya aka sa a ta bakin ƙofa, aka kai na bakin ƙofa ƙurya. In faifai ne mai laifi, ɓatan zai bi shi duk inda ya je. Bai bi shi ba. Ta bakin ƙofa ta nuna CSKA da faifan da ake zargi, ta ƙurya ta ƙi nuna ta da faifan da aka yarda da shi. Faifai ya fita daga zargi, mai shago ma ya wanku.

Sai hankali ya koma kan na'urar. Wasu suka ce wuta ce ta taɓa ta, don kowa ya san yadda ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, ga janaretan shagon da ke tari in mai ya yi ƙasa. Aka kira wani mai gyara daga wajen Dilimi. Bai ko kwance ta ba. Ya buga wasa ɗaya, ya ajiye hannun, ya ce lafiyarta ƙalau. Hujjarsa ta zauna mini. Ya ce lalacewa ba ta zaɓe. In ma'ajiyar na'ura ta samu matsala, wasan tsayawa zai yi cak, ko hoto ya wargaje, ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Bai taɓa ganin wutar da za ta cire suna ɗaya daga jeri, ta haɗe na sama da na ƙasa sumul, ta bar sauran ba ko ƙwarzane ba. Wannan aikin mutum ne, in ji shi, kuma mutumin ya san abin da yake yi.

Shi ne ya ba da shawarar da ta buɗe hanya: a daina neman CSKA, a duba ko ita kaɗai ce ta tafi. Yaro ɗaya ya zauna a nan, ɗaya a can, wannan yana kiran suna, wancan yana amsawa da "akwai" ko "babu". Abin ya ɗauki lokaci, don kulob sama da 700 ne a wasan. Ingila ta cika, Sifaniya ta cika, Jamus, Italiya, Faransa, Saudiyya, duk ba giɓi. Sai da aka zo rukunin da ake tara kulob-kulob na sauran duniya aka fara jin "babu". Spartak ta Mosko, inda Victor Moses yake wasa a lokacin, babu. Lokomotiv ta Mosko, babu. Aka shiga jerin ƙasashe, Rasha kanta babu. Huɗu ke nan, kuma duk 'yan gida ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan wani ɗalibin Jami'ar Jos, wanda ya fi kowa sanin wasan a shagon, ya ce ai an gama, maganar lasisi ce. Bayaninsa ba na banza ba ne. Kamfanin EA, mai FIFA, ba ya sa sunan kulob da tambarinsa da rigarsa sai ya biya. Abokin hamayyarsa Konami, mai PES, shi ma yana saye, wani lokaci ya saye shi kaɗai ya hana kowa. Haka aka yi da Juventus: tun daga FIFA 20 sunanta ya koma Piemonte Calcio. A FIFA 22 ɗin nan da ke gabansu, Lazio ta zama Latium, Atalanta ta zama Bergamo Calcio. Waɗanda suka girma da PES ma sun tuna Man Red da Man Blue da London FC. Ya ce to haka ne, Konami ta saye na Rasha.

Abu biyu suka hana maganar tsayawa. Na farko, duk misalan da ya kawo suna ne ya canza, kulob bai tafi ba. Piemonte Calcio tana nan a na'urorin biyu, da 'yan wasanta da sunayensu na gaskiya. Na Rasha kuwa ba a ba su sunan aro ba, share su aka yi. Na biyu, wasan shekara ɗaya ne, faifai iri ɗaya. Da lasisi ne babu tun farko, da ba a buga su a faifan ba, da ta bakin ƙofa ma ba ta same su ba. Ke nan suna ciki lokacin da aka sayo wasan. Daga baya aka cire su, kuma a na'ura ɗaya kawai.

Wanda ya gano bakin zaren ƙaramin yaro ne, ɗan Arsenal, wanda bai sa baki a gardamar ba ko sau ɗaya. Ya ce shi dai abin da ya sa yake son ta bakin ƙofa, Aubameyang yana nan a Arsenal. A ta ƙurya ya koma Barcelona.

Shagon ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka ruga dubawa. Gaskiyarsa. A ta ƙurya Coutinho yana Aston Villa, Luis Díaz yana Liverpool, Ferran Torres yana Barcelona. A ta bakin ƙofa kowa yana tsohon gidansa. FIFA 22 ya fito ne ranar 1 ga Oktoban 2021, waɗannan sauye-sauye kuwa na kasuwar 'yan wasa ta farkon 2022 ne, na Aubameyang ma sai a Fabrairu. Faifan da aka buga a 2021 ba shi da hanyar sanin su. Na'urar ƙurya ta san abin da ya faru a duniya bayan an buga faifanta. Wani ya gaya mata.

Mai shagon ya rantse bai taɓa haɗa na'urorinsa da intanet ba, don kuɗin data ya fi ƙarfin abin da yake samu a kan wasa. Aka buɗe shafin bayanin wasan a kowace na'ura. Ta bakin ƙofa tana kan lambar farko, yadda ta fito daga kwali. Ta ƙurya lambarta ta yi gaba sosai. Sai ƙanin mai shagon, wanda yake kwana a wurin, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ne. Na ga yara suna ƙorafin 'yan wasa sun tsufa a kulob ɗinsu, shi ne na sayi datar dare na haɗa ta da wayata. Wallahi sababbin 'yan wasa kawai na nema."

Ya samu abin da ya nema, tare da abin da bai nema ba. Sauran labarin ba a Gangare ya faru ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 sojojin Rasha suka kutsa Yukren. Ranar 28 ga wata hukumar FIFA da ta UEFA suka dakatar da Rasha da kulob-kulob ɗinta daga gasanninsu, abin da ya fitar da Spartak daga gasar Europa ba tare da an ci ta a fili ba. Ranar 2 ga Maris mataimakin firaministan Yukren, Mykhailo Fedorov, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon kamfanonin gem su juya wa kasuwar Rasha baya. A ranar ce EA, mai hedikwata a Kalifoniya, ta sanar da cewa za ta cire ƙungiyar ƙasar Rasha da duk kulob-kulob ɗinta daga FIFA 22. Kwana biyu bayan haka ta daina sayar da wasanninta a Rasha da Belarus, Sony ma ta bi sahu a cikin makon da ya biyo. Umarnin sharewar sai aka cusa shi cikin sabuntawar da ake turo wa kowace na'ura da ta leƙa intanet. Ya bi ta wayar wani saurayi cikin dare, ya sauka a Gangare.

Saura tabbatarwa. Mai gyaran ya goge wasan daga na'urar ƙurya tare da abin da ta adana, ya tabbatar ba ta haɗe da komai, ya sake loda shi daga faifai. CSKA ta dawo, Spartak ta dawo da Moses ɗinta, Aubameyang ya koma Arsenal.

Ɗalibin nan ya kalli kwalin bango ya ce wa mai shagon, cikin girmamawa, "Oga, ashe siyasa ta riga mu shigowa." Mai shagon bai ji daɗi ba. Ya ce shi ƙwallo yake sayarwa, mutum goma sha ɗaya da goma sha ɗaya, wanda ya fi iya hannu ya ci. Ina siyasa a nan?

Ina ganin kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, kuma rabin mai shagon ba ƙarami ba ne. Minti shida ko takwas ɗin da yara biyu suke fafatawa ba ruwansu da Putin ko Biden. Na'ura ba ta tambayar addininka ko unguwarku kafin ta ba ka bugun fanareti. A garin da aka raba unguwanni, har mutum yake lissafin hanyar da zai bi ya koma gida, wannan ba abin rainawa ba ne, kuma ba na son a ɓata wa yara shi da dogon turanci.

Sai dai kafin a busa usur akwai jeri, kuma jeri ba ya rubuta kansa. Wani ne yake zama ya ce wannan ƙasa ce, wannan ba ƙasa ba ce, wannan ya shiga, wannan ya jira a waje. Mu mutanen Jos ba ma buƙatar a yi mana darasi a kan wannan. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja a kan wa ya cancanci takardar shaidar ɗan asali, tsakanin Birom da Anaguta da Afizere da suke da hujjojinsu, da Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza suke da nasu. Kowane ɓangare ya san cewa wanda yake riƙe da alƙalamin jeri ya fi mai ƙarfin murya iko.

Abin da ya faru da CSKA kuma ba shi ne farau ba. A ƙarshen 2004 Sin ta haramta Football Manager 2005 saboda ya jera Taiwan da Tibet a matsayin ƙasashe masu zaman kansu. A Disambar 2019 Mesut Özil ya yi magana a kan halin da Musulmin Uighur suke ciki, cikin 'yan kwanaki kamfanin NetEase ya cire shi daga PES ɗin da ake bugawa a Sin. Mutum yana raye, yana buga wa Arsenal, amma a wayoyin miliyoyin mutane babu shi. Wani lokacin kuma matsin daga wajenmu yake zuwa. A Oktoban 2008 Sony ta janye LittleBigPlanet daga shaguna ta ɗage fitowarsa, saboda an ja hankalinta cewa waƙar marigayi Toumani Diabaté na Mali da ke ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Wanda ya yaba wa Sony a wancan karon ba zai ce kamfani ba shi da hurumin sauraron koke ba.

Wasannin harbi da yaranmu suke bugawa sun fi haka nisa, don su labari suke bayarwa. A Call of Duty: Modern Warfare na 2019 akwai wata hanya da ake kira Hanyar Mutuwa, a wata ƙasa ta ƙage, kuma wasan ya ce Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a kanta. Hanyar da duniya ta sani da wannan suna tana tsakanin Kuwait da Basra, kuma jiragen Amurka da ƙawayenta ne suka ragargaji sojojin Iraƙi masu janyewa a kanta a Fabrairun 1991. Yaron da aka haifa a 2008 a ina zai fara jin sunan, a aji ko a wasa?

Ba ina cewa EA ta yi laifi da ta cire Rasha ba. Mamaye maƙwabci zalunci ne, kuma mu ne mutanen ƙarshe da za su ce a raba wasa da siyasa. Najeriya tana cikin ƙasashen Afirka sama da ashirin da suka ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976 saboda wariyar launin fata, a shekarar da FIFA ta kori Afirka ta Kudu, kuma muna alfahari da hakan har gobe. Mun kuma ɗanɗana ɗacinsa a 1996, lokacin da gwamnatin Abacha ta hana Super Eagles zuwa kare kofinsu na Afirka bayan rikicinta da Mandela a kan rataye Ken Saro-Wiwa. Abin da yake ci mini rai shi ne ma'aunin. Kwana huɗu aka ɗauka kafin a dakatar da Rasha. Ba a cire Amurka daga kowane wasa ba a 2003 da ta shiga Iraƙi. Hukumar ƙwallon Falasɗinu ta kai kukanta taron FIFA a Bangkok a Mayun 2024, aka yi ta ɗage magana. Samarin Gangare suna ganin wannan, kuma ba wanda zai ce musu idonsu ne yake yaudararsu.

Akwai kuma wani ɓatan da kiran sunan nan bai kama ba, don shi a na'urorin biyu yake. Yara sun tashi hankalinsu a kan kulob ɗin Mosko, amma ko ɗaya bai tambayi ina Plateau United ba, wadda ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2017, wadda Mikel Obi ya fito daga cikinta. Ba wanda ya nemi Mighty Jets, zakarun farko na gasar ƙasa a 1972, ko Kano Pillars, ko Enyimba da ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Super Eagles kanta, mai kofin Afirka uku, ba ta cikin FIFA 22. A wasan nan kuwa akwai rukuni na huɗu na Ingila, akwai gasar Ireland, har da Wrexham da take rukuni na biyar a lokacin, wadda aka sa bayan taurarin fim na Hollywood sun saye ta. Daga Afirka kudu da Sahara, Kaizer Chiefs da Orlando Pirates ne aka saba gani. Ba wanda ya share mu. Ba a taɓa rubuta mu ba, kuma abin da ba a taɓa rubutawa ba yaro ba ya jin rashinsa.

Za a ce wannan kasuwa ce, ba siyasa ba: kamfani yana bin inda ake sayen faifai na asali da katin banki, mu kuwa yawancin shagunanmu da kwafi suke aiki. Haka ne. Kuma wani kason laifin namu ne, don gasar da ba ta da tsayayyen jadawali, ba a ganin wasanninta a talabijin yadda ya kamata, 'yan wasa suna bin bashin albashi, da wuya ta sayar da lasisinta ga kowa. Amma wa yake da katin banki da wutar da ba ta ɗaukewa, wa kuma ba shi da su, ba daga sama aka saukar da wannan rabon ba. Sakamakonsa yana zaune a kan benci: yaron da zai lissafa maka 'yan benci na Chelsea, bai san mai tsaron gidan kulob ɗin garinsu ba.

Mai shagon ya yanke nasa hukuncin a matsayinsa na ɗan kasuwa. Ya bar ta bakin ƙofa yadda take don masu son CSKA, ya ba ƙaninsa kuɗin data ya sake sabunta ta ƙurya don masu son sababbin 'yan wasa. Kwalinsa bai cire ba, ni ma ban ba shi shawarar ya cire ba.

Dabarar ba ta yi tsawon rai ba. Tun a Yulin 2022 EA ta bayyana cewa wasa na gaba ba zai ɗauki Rasha ko kulob ɗinta ba. FIFA 23 ya fito ranar 30 ga Satumba, shi ne na ƙarshe mai wannan suna, don EA da hukumar FIFA sun raba gari bayan kusan shekara talatin, aka koma EA Sports FC daga 2023. A wannan karon sharewar a cikin faifan take tun daga masana'anta. Ko ka goge ka sake lodawa, ko na'urarka ba ta taɓa ganin intanet ba, jerin ɗaya ne.